Ɗan Talaka da Bakin Ciniki: Lacca ga Matasa Masu Fasaha

Assalamu alaikum. Malamaina, iyayena, ƙannena, sannunku da zuwa.

Ana yawan cewa ɗan talaka ba shi da ƙarfin gwiwa. Ni dai ban yarda ba. Mamman Shata tallan goro ya yi kafin waƙa ta ɗauke shi, mahaifinsa ma bai so ba, amma a 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa na dakta. Ɗan Maraya Jos kuwa, sunansa kaɗai ya gaya muku yadda ya tashi. Da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tal ya yi wa karen mota waƙa, duniya ta saurara. Wanda ya yi talla yana yaro ba ya tsoron idon jama'a.

Inda gwiwarmu take sanyi shi ne wajen kuɗi, kuma abin yana ci mini rai. Yaro ya raba dare yana tace fim a kwamfuta, idonsa ya yi jajir. Furodusa ya ce, "Nawa za a ba ka?" Sai ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya: "Haba Alhaji, duk abin da ka bayar, Allah ya amfana." Tun a gida aka koya masa cewa yi wa babba farashi rashin kunya ne. Ɗan masu hali, wanda ya tashi yana jin mahaifinsa na ciniki, kai tsaye zai ce a rubuta a takarda, ko gezau.

Buri ma haka. Wanda ake jiransa da kuɗin cefane ba zai ajiye labari shekara guda yana gyara ba. Zamanin kaset, ƙananan furodusoshi da yawa haka suka riƙa kai fim kasuwar Ƙofar Wambai da ke Kano, wurin dillalan finafinai, suna sallamawa a yadda aka taya, saboda mai gidan haya ya matsa. Yanzu a YouTube ne: mawaƙi ya karɓi 'yan kuɗi sau ɗaya, tashar wani ta yi ta cin moriya shekara da shekaru.

To ƙannena, kafin ku karɓi aiki, ku tambayi na gaba da ku nawa ake biya. Ku kuma sani, a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, sayar da haƙƙin aiki ba ya tabbata sai a rubuce. Ku kuma iyayen gida da ke zaune a nan gaba, don Allah idan yaro ya ce "duk abin da ka bayar", ku faɗa masa ainihin kuɗin aikin, ku biya shi cif.