Sharhi: Wai me za a sha a wanke hanta?

Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Sharhinmu na yau a kan hanta yake, kuma abin da ya ja ni ga maganar wata tambaya ce da ba ta ƙarewa, duk inda aka taɓo zancen lafiya sai wani ya jefo ta: wai me mutum zai sha ya wanke hantarsa? Ka buɗe waya ka ci karo da bidiyo, wani ya riƙe kofi da wani koren ruwa a ciki yana rantse-rantse cewa sati ɗaya kawai za ka sha hantarka ta koma sabuwa fil, a ƙasa kuma mutane sun yi layi suna tambayar ina ake samu, nawa ne kwalba.

To ni dai amsata ba za ta yi wa masu sayar da kwalbar daɗi ba. Babu wani ruwa ko gari ko ƙwaya da likitoci suka tabbatar yana wanke hanta. Ita ce ma mai wankin. Tana nan a gefen dama na ciki, ƙarƙashin haƙarƙari, nauyinta wajen kilo 1.5 a jikin baligi, kuma jinin da ya kwaso abinci daga hanji sai ya bi ta cikinta tukuna kafin ya wuce sauran jiki. Ita ke tace shi, ita ke ajiye suga ta saki in an buƙata, ita ke yin ruwan matsarmama da ke narkar da maiƙo, ita ke haɗa sinadaran da ke sa jini ya daskare in ka yanke, ita ke farfasa magani da giya. In aka yanke wani ɓangare nata ma tana sake tofowa, shi ya sa mai rai ke iya ba wani mutum sashen hantarsa a dasa masa. Abin da ke kayar da ita lodi ne, kullum ana ƙara mata, ba hutu, kamar jakin da aka lafta wa kaya ana kuma neman a ɗora masa wani buhun da sunan taimako.

Kuma matsalarta ba ta kuka. Mutum zai yi shekara goma, ashirin, kitse na taruwa a hantarsa ko ƙwayar cuta na cinta a hankali, yana zuwa aiki yana cin abincinsa yana dariya, ba ciwo ba komai, in ya yi yawa ya ɗan ji kasala ya ce gajiya ce. Sai ran da ido ya yi rawaya, shawara ta fito, ciki ya kumbura da ruwa, ƙafa ta haye, sannan a ruga asibiti, a lokacin kuwa sau da yawa hantar ta riga ta yi tabo ta ƙandare.

Bari mu fara da kitse, don shi ne ya fi yawa yanzu. Masu bincike na ƙiyasin cewa kusan mutum 3 cikin kowane baligi 10 a duniya na da kitse a hanta, kuma ba maganar mashaya ake ba fa, mutanen da ba su taɓa kai giya bakinsu ba. Da zarar kitse ya haura kashi 5 cikin 100 na hantar, an shiga layin. Waɗanda ya fi kamawa su ne masu tumbi, masu ciwon suga, masu hawan jini da masu yawan maiƙo a jini, amma kar siriri ya yi murna, shi ma ana samunsa da shi. Mutane da yawa sai sun je hoton ciki don wani dalili daban likita ya ɗora na'urar a gefen dama ya ce malam hantarka ta yi haske da yawa, akwai kitse.

Abin da zai ba ku mamaki, ba nama mai kitse ne kaɗai ke kawo shi ba, suga na kan gaba, musamman wanda ake sha. Ɗauki gwangwanin lemo mai mililita 330 ka juya bayansa ka karanta ƙananan rubutun nan da ba wanda ke dubawa, za ka ga suga wajen giram 35, wato cokalin shayi takwas da ɗoriya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sugan da ake ƙarawa a abinci da abin sha kar ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da jiki ke ƙonawa a rana, kusan giram 50 ke nan ga baligi, ta ce ma in an rage zuwa rabin haka ya fi. Ka ga gwangwani ɗaya ya kusa cinye kason yini, ba a zo kan shayin safe ba, ba a zo kan biskit da alawa ba. Kusan rabin sugan nan wani nau'i ne da hanta ce ke ɗaukar yawancin aikin sarrafa shi, in ya zo mata da yawa lokaci guda sai ta mayar da shi kitse ta ajiye a jikinta. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse shi ma kar a ɗauka ya tsira, gara ka ci lemon zaƙin ko tuffar kai tsaye da ka matse guda huɗu ka kwankwaɗe a minti ɗaya.

Labari mai daɗi shi ne kitsen nan yana sauka. Wanda ya rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyinsa, kitsen hantar zai fara ja da baya, in ya kai kashi 7 zuwa 10 har kumburin da tabon da bai yi nisa ba suna iya gyaruwa. Mai kilo 90 ke nan kilo 6 zuwa 9 ake nema a wajensa, ba a ce ya koma kamar sanda ba. Kuma a hankali, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati, don masu kashe kansu da yunwa su zubar da ƙiba a wata guda suna iya jawo wa kansu tsakuwar matsarmama. Tsarin ba wani ɓoyayyen abu ba ne, rabin faranti ganye da kayan lambu, a rage tulin farar shinkafa da farin burodi da soye-soye, a ƙara wake da kifi da hatsin da ba a cire masa dusa ba. Sai motsa jiki, minti 150 zuwa 300 a sati inji Hukumar Lafiya, wato tafiya da sauri ta rabin awa kwana biyar ta kai ka minti 150 ɗin, kuma an ga motsa jiki na rage kitsen hanta ko da sikeli bai motsa ba, don haka wanda ya hau sikeli ya ga ba canji kar ya ce aikin banza ya yi. A watan Maris na 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da maganin farko na wannan ciwon ga waɗanda hantarsu ta fara tabo, amma shi ɗin ma cewa aka yi a haɗa shi da gyaran abinci da motsa jiki.

Masu shan kofi kuwa yau ranarku ce. Bincike da dama sun nuna masu shan kofi biyu zuwa uku a rana ba su cika kamuwa da tabon hanta ba kamar waɗanda ba sa sha. Sai dai kofin ake nufi, ba wanda aka zuba wa cokali huɗu na suga da madara mai kauri ba.

Giya ba sai na daɗe a kanta ba. A farkon 2023 Hukumar Lafiya ta fito ƙarara ta ce babu wani adadin giya da za a ce ba ya cutarwa, mai matsalar hanta kuwa ko ɗigo.

Inda nake so mu ɗan tsaya shi ne magunguna, don nan ne mutanen kirki ke cutar da kansu ba su sani ba. Farasitamol magani ne mai kyau in an sha shi daidai, iyakarsa ga baligi mai lafiya giram 4 a awa 24, ƙwaya takwas ke nan masu miligiram 500. Amma dubi yadda abin ke faruwa: mura ta kama mutum da ciwon kai, ya sha biyu, bayan awa biyu bai ji sauƙi ba ya ƙara biyu, ya sayo maganin mura ya haɗa, da dare ya sha na ciwon jiki, bai san duka ukun akwai farasitamol a ciki ba tunda sunayen kwalin daban-daban ne. A Amurka da Ingila yawan shan wannan maganin shi ne kan gaba wajen sa hanta ta tsaya farat ɗaya. Sai kuma ƙwayoyin ƙarin lafiya da haɗe-haɗen ganye, na rage ƙiba, na ƙara ƙarfi, na gina jiki, har da waɗanda aka rubuta wa "mai tsaftace hanta" a jiki. An samu mutanen da hantarsu ta lalace saboda ƙwayoyin da aka tace daga koren shayi ko kurkum, abubuwan da a kofi ko a tukunya ba sa cutar da kowa, amma da aka tattara ƙarfinsu a ƙwaya ɗaya sai suka zama wani abu daban. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Cewa abu daga tsiro ya fito ba ya nufin hanta ba za ta wahala da shi ba.

Akwai kuma guba a hatsi da gyaɗa da masara da aka ajiye da danshi suka yi fumfuna. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da garin gyaɗa mai fumfuna. Tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna kawo kansar hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. In ka tauna ƙwayar gyaɗa ka ji ɗaci, tofar, in ka ga hatsi ya canza kala yana warin ruma, kar a ce a wanke a dafa.

Duk wannan gyaran abincin kuma ba zai yi wa mutum maganin ƙwayar cutar hanta ba, shi ya sa nake cewa gwaji ya zo farko. Rahoton Hukumar Lafiya na 2024 ya ce mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 na ɗauke da nau'in C, kuma a 2022 kaɗai sun kashe mutum miliyan 1.3, wajen 3,500 kullum, mafi yawan masu ɗauke da su kuma ba su ma san suna da su ba. Ta jini ake ɗauka, ta allura ko reza da aka yi amfani da ita, ta saduwa, ko daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa. Ba a ɗauka ta gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya, don haka a daina gudun mutane ana ware musu cokali. Nau'in B na da rigakafi, kuma allurar da ta fi muhimmanci ita ce ta cikin awa 24 na farko bayan haihuwa, saboda jaririn da ya kamu, 9 cikin 10 cutar na zama a jikinsu, alhali babba yawanci jikinsa na korar ta. Nau'in C ba shi da rigakafi amma yanzu ana warkewa da ƙwayoyi cikin sati 8 zuwa 12, sama da kashi 95 cikin 100.

Wanda gwaji ya nuna yana da nau'in B, ba kowa ake ɗora wa magani nan take ba, likita ne zai duba yawan ƙwayar a jini da halin da hantar ke ciki ya yanke. Amma in an ɗora ka, kar ka ajiye don ka ji garau ko don wani ya kawo maka jiƙo, tsayar da shi kwatsam na iya sa cutar ta taso da ƙarfi. A kai iyali su ma a gwada su, wanda bai da ita a yi masa allura, kuma in likita ya ce a riƙa zuwa hoton ciki duk wata shida, a je, ko da ba a jin komai.