Lacca Kan Cajin Lantarki: Daga Gogar Rula Zuwa Dokar Coulomb

Toh Assalamu alaikum, barkanmu da warhaka. Na can baya kuna jina ko? Madalla.

Yau lantarki zamu taɓa, amma ba wanda yake bin waya ya kunna ƙwan fitila ba, shi wancan gudu yake yi kuma zamu zo kansa nan gaba. Namu na yau shi ne wanda yake taruwa ya zauna a jikin abu baya motsi har sai ya samu hanya, wanda in ka goga rular roba a gashin kanka ka kusanta ta da gutsattsarin takarda zakaga suna tsalle suna mannewa. Kowa a nan ya taɓa yin wannan yana yaro na sani. Tambayata ita ce, daga ina cajin ya fito? Da yawanku zaku ce gogawar ce ta samar da shi, toh wannan amsar ita nake so mu kashe yau, domin in ta zauna maka a kai duk abinda zai biyo baya a karkace zaka fahimce shi.

Gogawa bata ƙirƙirar caji. Cajin dama yana nan cike da rular, cike da gashin, cike da kujerar da kake zaune a kai. Kowane abu an gina shi da atom, a tsakiyar atom akwai furoton mai cajin fositif da niyutiron da bashi da caji kwata-kwata, a kewaye kuma akwai elektron mai cajin negatif. Girman cajin furoton da na elektron daidai suke cif, alamar ce kawai ta bambanta, shi yasa in adadinsu yazo ɗaya sai su kashe juna kaga abu lami kamar babu komai a cikinsa. Da ka goga abu biyu, abinda kayi shi ne ka sa fuskokinsu sun haɗu sosai a wurare masu yawa, ɗayan yafi ɗayan riƙon elektron sai ya ƙwace wasu. Wanda ya karɓa ya zama negatif, wanda aka ƙwace wa ya zama fositif. Kamar dai ka tura kuɗi daga wani akawun ɗinka zuwa wani, nan ya ragu can ya ƙaru amma jimillar bata motsa ba. Wannan ita ce dokar adana caji, ba a ƙirƙirarsa ba a lalata shi, matsar da shi kawai ake yi.

Kuma don Allah ku rubuta wannan da jan biro: a cikin daskararren abu elektron ne yake tafiya, furoton baya zuwa ko'ina. Yana ɗaure a tsakiyar atom, ga nauyi, ya ninka elektron kusan sau 1836. Duk lokacin jarrabawa sai an samu mai rubuta wai gilashi ya zama fositif saboda ya karɓi furoton. A'a ɗan'uwa, elektron ya rasa. In ka goga gilashi da siliki, gilashin ya bada elektron ya zama fositif, silikin ya zama negatif da daidai wannan adadin. In roba ce ka goga da ulu, robar ce take karɓa.

Tarihin abin ba zan daɗe a kai ba. Girkawa tun kusan shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa sun san in ka goga amba, wato ƙaron itace da ya daskare ya zama kamar dutse, yana jan ƙananan abubuwa, ana jingina wannan ga Thales. Aka yi ta zama a haka shekaru aru-aru ana kallonsa abin mamaki kawai, sai 1600 William Gilbert a Ingila ya nuna ba amba kaɗai ba ne, kuma wannan jan daban yake da na maganaɗisu. A 1729 Stephen Gray ya gano wasu abubuwan suna barin caji ya wuce ta cikinsu wasu basa bari. A 1733 du Fay a Faransa yace ai cajin iri biyu ne, masu iri ɗaya suna korar juna, mabambanta suna jan juna. Benjamin Franklin ne a Amurka ya raɗa musu fositif da negatif, kuma lokacin babu wanda ya san da elektron, sai 1897 J. J. Thomson ya gano shi. Da aka duba sai aka ga ashe abinda yake yawo a waya negatif ne a tsarin Franklin, shi yasa har gobe kibiyar karent, wato gudun caji a waya, a littafinku take kallon gabas elektron yana tafiya yamma. Ba kuskuren bugu ba ne, gado ne muka ci (dariya).

Toh nawa ne cajin elektron ɗaya? Robert Millikan ya auna shi da gwajinsa na ɗigon mai da ya fara a 1909, yana fesa ƙananan ɗigo tsakanin faranti biyu masu caji yana kallon yadda suke sauka da tashi, sai ya ga cajin kowane ɗigo ninki ne na wani ɗan adadi guda, ko sau ɗaya ko sau biyu ko sau biyar, babu sau biyu da rabi. Adadin shi ne e = 1.6 × 10^-19 kulom, shi kulom ɗin ma'aunin caji ne. Daga nan muka samu Q = ne, wato cajin abu shi ne yawan elektron da ya samu ko ya rasa sau e. In ka yi lissafi n ya fito maka 3.5 toh koma ka duba, babu rabin elektron.

Yanzu ku tsaya ku ji inda abin yake burge ni. Kulom ɗaya elektron kusan 6.25 × 10^18 ne. Maikurokulom ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan na kulom, elektron 6.25 × 10^12 kenan, sama da tiriliyan shida, zakace ai an kwashe abin tas. Amma giram ɗaya na kabon, wato sinadarin gawayi, yana ɗauke da elektron kusan 3 × 10^23. Raba ka gani, kusan biyu ne cikin biliyan 100 suka bar gida. Wannan ɗan gibin da bai kai a ambata ba shi ne yake ɗaga takarda, yake miƙar da gashi, yake tartsatsi. Kenan ƙarfin lantarki ba ƙarami ba ne, abinda yasa bama jinsa kullum shi ne fositif da negatif sun yi canjaras a kusan komai. In ka kwatanta jan lantarki tsakanin furoton da elektron da jan nauyi da ke tsakaninsu, na lantarkin ya ninka shi kusan 10^39. Ɗaya da sifili talatin da tara, ni kaina bana iya hango wannan lambar, rubuta ta kawai nake.

Wanda ya auna ƙarfin shi ne Charles Coulomb, injiniyan sojan Faransa, a 1785. Ya rataye ɗan sanda da siririn zare, ƙwallo mai caji a bakin sandan, in ya kawo wani ƙwallon kusa sai zaren ya murɗe, daga yawan murɗewar yake gane ƙarfin. Abinda ya samu shi ne F = k q1 q2 / r², F shi ne ƙarfin, q1 da q2 cajin biyun, r tazarar da ke tsakaninsu, k kuma kusan 9 × 10^9 ne in a fili ko cikin iska ake. Bari mu yi ɗaya a allo. Caji biyu, maikurokulom 2 da maikurokulom 3, tazararsu santimita 30. Kafin komai mayar da santimita zuwa mita, 0.3, nan ne rabin aji suke faɗuwa tun ba a fara ba. 2 × 10^-6 sau 3 × 10^-6 ya bamu 6 × 10^-12, sau 9 × 10^9 ya zama 0.054, a raba da 0.3 sau 0.3 wato 0.09, amsa niyutan 0.6, niyutan shi ne ma'aunin ƙarfi. Toh in na matsar dasu tazarar ta zama santimita 60 fa? Naji wani yace 0.3. A'a, ka manta da sukwaya, wato r sau r, ninka tazara sau biyu ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, 0.15. Kuma ku lura, ƙarfin da na 2 yake yi a kan na 3 daidai yake da wanda na 3 yake yi a kan na 2, babban caji baya tura ƙarami fiye da yadda ƙaramin yake tura shi, dokar Newton ta uku bata tafi hutu ba don mun shigo lantarki. In kuma kana so kaji girman kulom, sa kulom ɗaya da kulom ɗaya a tazarar mita ɗaya, niyutan biliyan 9 zaka samu, shi yasa a tambayoyi kusan kullum maikuro da nano kuke gani.

Eh, ga hannu can.

Tambaya: Malam, ita takardar ai ba a goga ta ba, bata da caji, toh me yasa rular take janta?

Yawwa, Allah ya yi miki albarka, dama nan zan nufa. Takardar jimillar cajinta sifili ne amma ba wai babu caji a cikinta ba, mun faɗa ɗazu. Da rula mai negatif ta matso, elektron ɗin da ke cikin ƙwayoyin takardar sai su ɗan ja baya kaɗan, basu bar ƙwayar ba, karkata kawai suka yi, sai gefen da ke kusa da rular ya ɗan zama fositif na nesa ya ɗan zama negatif. Na kusa ana jansa na nesa ana korarsa, amma tunda ƙarfin yana raguwa da tazara, jan ya rinjayi korar. Haka balan-balan yake mannewa a bango, haka siririn ruwan famfo yake lanƙwasa in ka kai masa mataji da ka taje kai da shi. Abinda zaku ɗauka a nan, ja kaɗai baya tabbatar da cewa abu yana da caji, tunda ko mara caji ana jansa. Kora ce kaɗai shaida. In abu biyu suka kori juna toh babu makawa dukkansu suna da caji kuma iri ɗaya.

A ƙarfe kuwa labarin ya wuce karkata, don akwai elektron da basu da takamaiman atom, yawo suke a ko'ina cikin ƙarfen. Shi yasa in ka riƙe cokali a hannu ka goga har ka gaji ba zakaga komai ba, ba wai baya samun caji ba ne, yana samu yana bi ta jikinka ya tsere ƙasa. Roba da gilashi su kuma inda ka ajiye cajin nan yake zama. In kana da ƙwallayen ƙarfe biyu masu girma ɗaya, wannan +6 wancan -2 maikurokulom, ka haɗa su ka raba, jimilla +4 ce, kowa ya tashi da +2. Ba wani sihiri, adana caji ne.

Akwai kuma hanyar cajin ƙarfe ba tare da ka taɓa shi da mai cajin ba, ana ce mata indokshan, kuma jerin matakan shi ne komai. Ɗora ƙwallon ƙarfe a kan ƙafar roba. Kawo sanda mai negatif kusa kada ta taɓa, elektron su gudu ɗaya gefen. Sa yatsanka a ƙwallon, su bi jikinka su shige ƙasa. Yanzu cire yatsan TUKUNA, sannan ka janye sandar. Ƙwallon ya zama fositif, kishiyar sandar, kuma sandar bata rasa ko elektron ɗaya ba. In ka fara janye sandar yatsanka na kai, elektron ɗin da suka fita zasu dawo ta inda suka bi, ka tashi a tutar babu.

Wani zai ce toh me yasa wataran gwajin yake yi wataran ya ƙi? Laima ce. In iska tana da danshi, wani siririn ruwa da ido baya gani yana kwanciya a fuskar abubuwa sai cajin ya riƙa zurarewa ta nan. In iska ta bushe ƙarau shi ne zaka cire rigar sanyi a duhu kaji ƙas-ƙas kaga ɗan haske, ko ka kama hannun ƙofa ya ɗan fizge ka. Busasshiyar iska tana jurewa har kusan bolt miliyan 3 a kowace mita kafin ta sallama ta bar caji ya ratsa, wato kusan bolt 3000 a milimita ɗaya, kenan wannan ɗan tartsatsin na yatsanka dubban bolt ne. Bai kashe ka ba saboda cajin ɗan mitsitsi ne kuma ya ƙare cikin ƙiftawar ido. Walƙiya ita ma hakan ce, caji ya rabu a cikin gajimare har iska ta kasa riƙewa, sai dai can cajin ba na wasa ba ne. A 1753 wani masani Georg Richmann ya rasa ransa a Rasha yana ƙoƙarin auna cajin hadari da sandan ƙarfe da ya shigo da shi har ɗaki, saboda haka kada naji wani yace zai gwada wannan a gida.

Ko ƙaramin tartsatsin ma yana da inda yake ɓarna. Man fetur in yana gudu a cikin bututu yana tara caji, shi yasa ake haɗa tankar mai da ƙasa da waya kafin a fara juyewa, tartsatsi ɗaya cikin tururin mai ya isa. Masu gyaran kwamfuta suna ɗaura wani abu a wuyan hannu mai waya zuwa ƙasa don cajin da kai baka ma ji ba yana iya ƙona ƙananan kayan ciki. Ta ɗaya ɓangaren kuma injin fotokwafi da shi yake aiki, Chester Carlson ya fara nuna dabarar a 1938, ana cajin wata ganga da ke cikin injin, haske ya goge cajin a inda takarda take fara, garin tawada ya manne a inda cajin ya rage.

Lokaci ya ja. Ga aikin gida: ƙwallaye biyu iri ɗaya, +8 da -2 maikurokulom, tazara santimita 20. Ku nemo ƙarfin da ke tsakaninsu ku faɗa min ja ne ko kora, sannan a haɗa su a mayar da kowa wurinsa ku sake nemowa, kuma ku lissafa min elektron nawa ne suka ƙaura, daga wanne zuwa wanne. Mako mai zuwa zamu shiga filin lantarki da layukansa, kowa yazo da rula da kalkuleta.