Amsoshin Tambayoyinku: Manhajar rubuta littafin hikaya da buƙatun marubuta

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan Garwa, a arewacin Kamaru. Tun da muka ba da labarin matasan nan da ke ƙera manhajar rubuta littattafan hikaya da Hausa, wadda yanzu take hannun wasu marubuta a matsayin gwaji, wasiƙu suke ta shigowa, wasu na koke, wasu kuma na roƙon a ƙara musu kaza da kaza. Yau mun gayyato ɗaya daga cikin masu aikin domin ya amsa da bakinsa. Injiniya, barka da zuwa.

Injiniya: Barka kadai, Malam. Ina gaida masu sauraro, musamman waɗanda suka ɓata lokacinsu suka rubuto.

Mai gabatarwa: Wasiƙar farko daga wata baiwar Allah ce a Marwa. Ta ce tana tsakiyar babi na goma sha biyu aka ɗauke wuta, cajin wayarta ya ƙare, da ta samu ta kunna sai ta tarar babin ya zama fanko, har da abin da ta rubuta kwanaki kafin nan. Tana tambaya ko akwai magani, ko kuwa ta koma ga littafinta da biro.

Injiniya: Da farko ina jajanta wa Hajiya, domin wanda bai taɓa asarar rubutu ba bai san zafinta ba. Abin da ya faru shi ne wayar ta mutu a daidai lokacin da manhajar take ɗora sabon rubutu a kan tsohon, shi ya sa aka rasa duka biyun. A sabon zubin manhajar da ke tafe mun sauya tsarin gaba ɗaya. Manhajar za ta rubuta sabon kwafi a gefe, ta tabbatar ya kammala, sannan ta ba shi sunan tsohon, ta yadda ko a wane lokaci wayar ta mutu akwai kwafi guda lafiyayye. Kuma duk sanda marubuci ya ɗan dakata da bugawa za ta adana da kanta, ta kuma riƙe kwafin jiya da na shekaranjiya, har mutum ya iya komawa baya idan ya goge wani abu bisa kuskure. Mun ajiye sauran ayyuka duka saboda wannan, domin kowa ya san halin da muke ciki a arewa. Wutarmu ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da aka kammala a 1982 a kan kogin Binuwai, mai ƙarfin megawat 72 idan ruwa ya wadata, kuma idan rani ya tsananta ruwa ya ja baya, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa. Manhajar da ba ta yi tanadin wannan ba, ba don mu aka ƙera ta ba. Duk da haka ina roƙon Hajiya ta riƙa kwafe littafin a katin memori ko ta tura wa kanta ta imel, saboda babu manhajar da za ta ceci rubutu idan wayar ta faɗa rijiya ko ɓarawo ya yi gaba da ita.

Mai gabatarwa: Sai wani malamin makaranta daga Ngaundare. Ya ce ya gama littafinsa tsaf, ya kai wa mai ɗab'i, da aka buɗe a kwamfutar shagon sai duk haruffa masu lanƙwasa suka koma ƙananan akwatuna. Ya kuma ce a kwamfutarsa ba ya samun waɗannan haruffa sai ya je ya kwafo su ɗaya bayan ɗaya.

Injiniya: Matsala biyu ce Malam ya haɗa, kuma kowace da tushenta. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suna da lambobinsu a tsarin Unicode, wanda kusan kowace waya da kwamfuta ke bi a yau, saboda haka rubutunsa bai lalace ba, yana nan yadda ya buga shi. Salon haruffan da ke kwamfutar mai ɗab'in ne ba shi da zanen waɗannan haruffa, sai ya sa akwati a madadinsu. Abin da muka yi shi ne, idan an fitar da littafi a PDF, salon haruffan zai tafi tare da fayil ɗin a ƙunshe, kuma mun zaɓi irinsu Charis da Noto, waɗanda kyauta ne kuma suna da haruffan a cike. Idan kuwa DOCX, wato fayil ɗin Word, mai ɗab'in yake so domin ya yi gyara, to sai a ba shi salon haruffan ya saka a kwamfutarsa tukuna.

Ta biyun ita ce ta allon madannai. Yawancin kwamfutocinmu a Kamaru da Cadi tsarin Faransanci ne, wato AZERTY, wanda ke da é da ç amma babu ƙ. Mun sa maɓallai huɗu a saman shafi, sannan muna gwada wata hanya ta gajarce wadda ba za ta katse wa mai sauri hanzari ba. Wasu sun ce mu bar wahalar da kanmu, ai ana rubutawa ba lanƙwasa kuma ana ganewa. Ni ban yarda da haka ba a littafi. Wanda ya rubuta cewa jarumi ya tafi fada, alhali faɗa yake nufi, ya aika shi gaban lamiɗo maimakon filin dambe, kuma mai karatu ba shi da wanda zai tambaya.

Akwai kuma wani abin da ya taso daga wannan wasiƙa. A Nijeriya ana rubuta 'ya'ya da waƙafin sama, a Nijar kuwa ƴaƴa, kuma mu nan da muka saba ganin Fulatanci a rubuce, wanda ke amfani da ƴ kamar yadda yake a tsarin haruffan harsunan Kamaru na 1979, idonmu ya saba da na biyun. Ba za mu yanke wa kowa hukunci ba. Marubuci zai zaɓa tun a shafin farko, kuma idan mai buga littafinsa a Kano yake, maɓalli guda zai juya masa littafin duka.

Mai gabatarwa: Wani daga Gidar yana so a sa shafi mai duhu saboda rubutun dare, wata kuma daga Mokolo tana so haruffa su ƙara girma.

Injiniya: Duka biyun masu sauƙi ne, kuma suna cikin zubi mai zuwa.

Mai gabatarwa: To ga wata doguwar wasiƙa daga wata marubuciya a Kusiri, wadda ta ce littafinta kashi uku ne, tana sakinsa kaɗan-kaɗan a WhatsApp. Masu karatu ne suka ankarar da ita cewa kishiyar da ta kira Laraba a kashi na ɗaya ta koma Larai a na uku, kuma wani kawu da aka yi zaman makokinsa ya sake fitowa wajen ɗaurin aure. Tana neman abin da zai riƙa tuna mata.

Injiniya: Wannan wasiƙa ta fi kowace koya mana aiki, kuma dalili shi ne Malama ba ta tsaya ga cewa a sa mata abu kaza ba, ta kwatanta abin da ya same ta filla-filla. Manhajojin ƙasashen waje irin su Scrivener sun daɗe da tsarin kati, inda kowane fage ko ɗan wasa yake da nasa, kuma da farko mun ɗauka kwaikwayonsu kawai za mu yi. Sai muka lura cewa a labarin Bahaushe mutum ɗaya yakan ɗauki suna huɗu ko biyar. Sunan yanka Muhammadu, kakarsa tana ce masa Ɗan'asabe, mahaifiyarsa ba ta faɗar sunansa sam saboda ɗan fari ne, matarsa tana cewa Baban Amina, a kasuwa kuma Alhaji. Idan katin suna ɗaya kaɗai yake karɓa, bai amfani marubucinmu da komai ba. Don haka kowane kati zai ɗauki sunayen duka, tare da bayanin wa ke kiran mutumin da wanne, da dangantakarsa da sauran mutanen gidan, da babin da ya rasu idan ya rasu. Idan ya yi magana a bayan wannan babi, manhajar za ta ɗaga alama a gefe, amma ba za ta hana ba, domin ta yiwu mafarki ake ba da labari ko tuna baya.

Mun kuma ƙara jadawalin lokaci mai kalanda biyu. Shekarar Musulunci ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, shi ya sa azumin da ya faɗo a tsakiyar damina a farkon labari ba zai yiwu ya kasance a tsakiyar damina ba bayan shekara goma, kuma masu karatu suna lura da irin wannan fiye da yadda marubuta suke zato.

Mai gabatarwa: Wani ɗalibi daga Marwa yana ƙorafi cewa mai gyaran rubutun da ke cikin manhajar yana ja masa jan layi a ƙarƙashin kalmomi irin su lakwal, wato makaranta, da jandarma, da kaye, wato littafin rubutu.

Injiniya: Yana da gaskiya. Jerin kalmomin da muka fara da shi daga daidaitacciyar Hausa aka tattaro shi, wadda ta ginu a kan karin Kano kuma aronta daga Ingilishi ne, mu kuwa daga Faransanci da Fulatanci muke ara, a Cadi har da Larabcin can. Yanzu kowa zai iya ƙara kalmominsa, kuma abin da ke cikin bakin ɗan wasa ba za a taɓa shi ba sai marubuci ya nema, tunda ɗan acaɓar Marwa ba ya magana irin ta mai karanta labarai. Inda muka dage shi ne rabon kalmomi, kamar kalmar “yana” da ake rubutawa “ya na”. Wannan yana shafar ƙirga, kuma mai shirin shiga gasar gajerun labarai irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 kuma take neman kalma 1,000 zuwa 1,500, yana buƙatar ƙirgar da zai dogara da ita.

Mai gabatarwa: Daga Injamena wani matashi ya ce, tunda zamani ya kawo ƙirƙirarriyar basira, me ya hana a sa maɓallin da zai rubuta masa babi idan tunaninsa ya toshe?

Injiniya: Ba ma shirin yin haka. Yana buƙatar intanet a kowane lokaci, alhali mun ƙera manhajar ne ta yi aiki ko babu data, kuma yana nufin a tura littafin mutum zuwa wata kwamfuta a ƙasar waje tun bai fito ba. Ni kuma a nawa ganin, Hausar da irin waɗannan na'urori ke fitarwa har yanzu tana ƙamshin fassara, kuma mai karatun da ya biya kuɗinsa zai gane.

Mai gabatarwa: Wata kuma daga nan Garwa tana so a kulle littafin ta yadda ba wanda zai iya turawa gaba bai biya ba.

Injiniya: Ba zan yaudari Hajiya ba, duk abin da ido ya gani a fuskar waya ana iya ɗaukar hotonsa. Abin da za mu iya shi ne mu buga sunan mai saye a kowane shafi, domin a san ta inda ya ɓulle. Ta kuma sani cewa doka tana bayanta tun ranar da ta rubuta, ba sai ta yi rajista ba. Wannan ita ce ƙa'idar yarjejeniyar Berne ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin marubuta, kuma a Kamaru dokar 19 ga Disamba 2000 tana kare haƙƙin marubuci tsawon rayuwarsa da shekara 50 bayan rasuwarsa. Tsofaffin kwafin da manhajar ke ajiyewa da kwanan wata za su iya taimaka mata idan gardama ta taso.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga wani dattijo ne, almajirinsa ya rubuto a madadinsa, yana tambaya ko za a iya rubutu da ajami.

Injiniya: Allah ya ƙara wa Malam lafiya, muna so, amma ba bana ba. Rubutu daga dama zuwa hagu yana taɓa kusan kowane sashe na manhajar, kuma ko da yake Unicode ya ƙara wasu haruffan ajamin Hausa a 2020, wayoyi da yawa da ke hannun jama'a ba su iya nuna su ba tukuna. Idan akwai masu rubuta ajami da za su yarda su gwada mana, su aiko da shafi guda da hannunsu, mu ga yadda suke rubuta ɓ da ts da wasalin e, domin malamai sun bambanta a kan haka. Masu aiko da koke kuma su taimaka su faɗi irin wayarsu, da abin da suka latsa, da abin da ya biyo baya, in da hali da hoton fuskar wayar.

Mai gabatarwa: Mun gode, Injiniya. Wasiƙun da suka shafi farashi da yadda za a biya da sefa ta waya, za mu karanta su a mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.