Fodkas: Hayar mota a garin bakin teku, yaushe za a karɓi makulli?

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau ina tare da Yaya Bashir da Nura, maganar hayar mota za mu yi, ga wanda ya je garin bakin teku yana so ya zaga gari da kewaye. Yaya, kai da ka sha yi, ana sauka daga jirgi sai a karɓi mota ko?

Bashir: Ni dai a'a Hadiza. Kwana biyun farko a bar motar tukuna. Cikin gari ga cunkoso ga wahalar wajen fakin, balle tsohon gari wajen tashar jiragen ruwa inda titunan duk a matse suke, sai ka ga kuɗin haya na tafiya motar tana ajiye kai kuma kana yawo a ƙafa. Ranar da za ka fita bayan gari, ƙauyukan masunta, kan duwatsu, gaɓar da bas ba ya zuwa, toh ranar motar take da rana.

Nura: Kuma Yaya lissafinsu na awa 24 ne fa. Ka karɓa goma na safe, goma na safe za ka mayar, in ka makara sosai su rubuta maka kwana guda.

Hadiza: Takardu fa?

Nura: Lasisin ƙasarka, fasfo, sai katin kiredit mai sunan direban don a kansa suke riƙe kuɗin ajiya. Ƙasashe da yawa kuma sai da lasisin ƙasa da ƙasa. Kala biyu aka fi amfani da su, na yarjejeniyar Janiba ta 1949 shekara ɗaya yake yi, na Biyana ta 1968 yana kai shekara 3, ki duba wanne ƙasar ke karɓa tun kina gida. In ba ki kai 25 ba kamfanoni da yawa sai sun ƙara miki kuɗi.

Bashir: A kuma tambayi hannun da ake tuƙi. Afirka ta Kudu, Kenya, Ingila, Japan, Ostireliya duk hagu suke bi. Kin ga titin Chapman's Peak a Kef Tawun, wajen kilomita 9 ne kawai amma kwana kan kwana, dutse a gefe guda teku a ƙasa, wanda bai saba da hagu ba wallahi ya nemi atomatik kawai, kar ya haɗa wa kansa canjin giya da sabon hannu.

Hadiza: Ni inshorar ce ke rikita ni, tunda an ce akwai inshora ai shikenan ko?

Bashir: Ina! Nan ne mutane ke shan mamaki. Wadda ke zuwa da motar akwai wani kaso da kai za ka biya daga aljihunka in an samu matsala, kuma yawanci babu taya, babu gilashi, babu ƙarƙashin mota, babu makulli. Ka sauka daga kwalta ka hau yashi, a yawancin takardun hayar ka karya sharaɗi kenan. Na taɓa ganin wasu bayin Allah da yara, sun yi fakin kan yashin da ya yi tauri dab da ruwa, sun tafi yawo, kafin su dawo ruwa ya kai rabin taya, mota ta kafe, sai janwe aka kira. Abin ya tsaya min a rai sosai, uban yana tsaye ya rasa ta cewa.

Hadiza: Subhanallah, ruwan ne ya biyo su?

Nura: Cikowar teku ce Anti, wata ne ke jan ruwan. A yawancin gaɓoɓi sau biyu yake cikowa a rana, tsakanin cikowa da janyewa awa 6 da 'yan mintuna, kullum kuma lokacin na matsawa gaba da kusan minti 50, shi ya sa inda kika gani a bushe jiya da la'asar yau ba lallai ba. Yashin da ya yi tauri ɗin nan ma ai ruwa ne ya danne shi, alama ce ruwan na zuwa wajen.

Bashir: Ruwan gishiri kuma ba ya wasa da waya da ƙarfen mota. Ko makullin nan mai rimot, ka shiga ruwa da shi a aljihu ya mutu, kai za ka biya sabo. A sa shi a leda mai zif a ba wanda ba zai shiga ruwa ba. Jaka kuma a but, tun kafin a iso wajen fakin, kar a buɗe a gaban mutane.

Hadiza: Toh ranar mayarwa?

Nura: Yadda aka ba ki tanki a cike haka za ki mayar, ki riƙe rasit ɗin gidan mai. Ki ɗauki bidiyon motar tun ranar karɓa, duk wani ƙwarzane da lotsawa har da safaya taya, ranar mayarwa kuma ki sake ɗaukar irinsa a gabansu.

Bashir: A kakkaɓe yashin cikin motar ma, wasu suna cajin kuɗin wanki a kai.

Hadiza: Bari mu je hutu, in mun dawo Yaya zai faɗa mana yadda ake yi da tolget ɗin da ba mutum a ciki sai kyamara.