A ƙirga itace a watan Mayu: lacca ga masu lambu da dashe a Marwa

(An gabatar da wannan lacca ne a taron shekara na wata ƙungiyar masu lambu da dashen itatuwa a garin Marwa, jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru. Mai laccar tsohon malamin gona ne. An rubuto ta daga abin da aka naɗa, an taƙaita gaishe-gaishe.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Mai girma Lawan, ranka ya daɗe. Jawro, malamaina, iyayenmu mata da ke can baya, da ku samari, sannunku da zuwa cikin wannan zafi.

An ce in yi magana a kan ayyukan da ƙungiya za ta yi bana, tun daga dashe har kwasar shara. Zan yi, amma da roƙo ɗaya zan fara. Malam sakatare, daga bana kada ka ƙara karanta mana yawan itacen da aka dasa. Ka riƙa karanta mana yawan wanda ya kai watan Mayu da ransa.

Dalili kuwa kowa a nan ya san shi. Ruwan da Marwa take samu a shekara bai wuce kamar milimita 800 ba, kuma kusan dukkansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba. Daga nan sai wata bakwai ko takwas sama ba ta ce komai ba. A Agusta ko reshen zogale ka soka a ƙasa sai ya yi ganye, don haka dashen Agusta ba ya nuna gwanintar kowa. A Afrilu, lokacin da zafi ya haura digiri 40, ƙasa ta ƙone, akuya ba ta da abin ci sai ɗanyen ganyen da ka dasa, a nan ake sanin wanda ya yi aiki.

Dashe ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Bayan farin shekarun 1970 gwamnati ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Sahel Vert, aka kuma farfaɗo da shi a 2008. Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar koriyar ganuwa ta itatuwa don tare hamada a 2007. Maƙwabtanmu na Njamena sun fara nasu zoben itatuwa a gefen birni, wajen Gawi, a 2008. Iri dai an raba shi, ramuka an haƙa su ba adadi. To ku duba darbejiyar da ta rufe titunan cikin garin nan, wadda baƙo in ya zo daga Kuseri ko Garwa ita ya fara yabawa. Asalinta ma daga Indiya aka kawo ta. Kowace ɗaya da kuka gani ta yi kauri, akwai bazarar da take ƙarama, kuma a wannan bazarar akwai wanda ya kore mata akuya ya zuba mata ruwa. Mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, mu kuma muna shan inuwa.

Shi ya sa nake cewa kada mu dasa itacen da ba shi da mai shi. Kafin a sa diga a ƙasa, a tambayi wanda yake wuni a wurin. Mai shayi, mai faci, mai wankin babur, ladan, mai gadin makaranta, tsohuwar da ke tuyar ƙosai a bakin hanya. A ce masa, baba, in mun dasa a nan za ka riƙe? In ya ce a'a, a gode masa a wuce. In ya ce i, a bar shi ya zaɓi irin da yake so, a rubuta sunansa a littafi kusa da sunan itacen. Itacen da aka dasa a fili aka ce na kowa ne, maraya ne tun ranar da aka dasa shi. Na san samari ba za su so wannan ba, don hoton mutum ɗari riƙe da iri ya fi kyau a Facebook. (dariya) Ku ɗauki hotonku, ban hana ba. Amma in ruwan da muke da shi na itace hamsin ne, a dasa hamsin.

Shekarar mai dashe kuma ba a damina take farawa ba. Tun Maris ake cika leda da ƙasa, kashi biyu ƙasa mai yashi, kashi ɗaya taki da ya ruɓe sosai, don iri ya samu wata uku ko huɗu a reno kafin a fitar da shi. Ƙwayar kuka da gawo da bagaruwa ɓawonsu tauri ne da shi, sai an jiƙa su a ruwan zafi an bar su sun kwana, ko a ɗan kankare gefe. Ita kuwa ƙwayar darbejiya ba ta jiran kowa, makonni kaɗan ƙarfinta ya tafi, da an tsinto a wanke a shuka. Wannan aiki ne na zaune a inuwa, kuma na lura iyayenmu mata sun fi mu haƙurinsa.

Akwai ranaku biyu da ake gayyatar mu dashe kowace shekara: 5 ga Yuni, ranar muhalli ta duniya, da 17 ga Yuni, ranar yaƙi da hamada da fari. Ranaku ne masu kyau, mu je, mu yi magana, mu shiga rediyo. Sai dai a Marwa ruwa bai zauna ba a farkon Yuni. Ana iya yin ruwa ɗaya mai ƙarfi sannan a yi kwanaki da yawa ba ko ɗigo. Ni a ganina a dasa ƙwaya biyu ko uku don manyan baƙi, sauran a jira Yuli, lokacin da in ka haƙa kamu biyu za ka tarar da danshi. Ramin ya kai rabin mita zurfi da faɗi. A yanke ledar a cire ta. Na sha tono itacen da ya mutu in tarar da saiwarsa a nannaɗe cikin leda yadda aka kawo shi. A ƙasar harde kuwa, wadda ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga, sai an yi wa ramin kunyar ƙasa mai siffar rabin wata ta gefen gangare don ya tare ruwan.

Kaka ba ni da dogon zance a kanta. Daga Satumba zuwa Oktoba rabinku kuna karal, wato filayen baƙar laka, kuna dashen masakwa, duk gayyar da aka kira a lokacin shugaba da sakatare ne kawai za su zo. A bar mutane su yi nomansu. Da sanyi ya shigo sai lambu: albasa, tumatir, salak, karas, yadda mutanen Meskin suka daɗe suna yi a bakin kogin Mayo Tsanaga. Abu biyu kawai zan ja kunne a kai. Kada a ba salak ruwan kwata, ganye ne da ake ci ɗanye, kuma waɗanda suka ga kwalarar 2010 a jihar nan ba sa bukatar in yi musu bayani. Na biyu, maganin feshin auduga na auduga ne. Wanda ya fesa shi a tumatir yau ya kai kasuwa jibi, ya ci amanar mai saye. Ku daka ƙwayar darbejiya, ku jiƙa ta ta kwana, ku tace ku fesa da yamma, tana korar ƙwari da yawa. Busasshen ganyen da ake sharewa a ƙona kowace safiya kuma, a tara shi a rami da kashin awaki da toka kaɗan, ana yayyafa ruwa ana juyawa. Takinmu na Maris ke nan muke ƙonawa.

To, mu zo bazara, don ita ce maganar. Itacen da aka dasa a Yuli, saiwarsa ba ta kai ga danshin ƙasa ba kafin Maris. Ruwa mai yawa sau biyu a mako ya fi masa 'yar yayyafa kullum, domin yayyafa saman ƙasa take jiƙawa, saiwa ta taso sama, rana ta dafa ta. A zuba da asuba ko bayan la'asar. Wanda ruwa ya yi masa nisa ya binne tulu na ƙasa a gefen itacen har wuya, ya cika shi, ya rufe bakin. Tulun zai riƙa tsattsafowa a hankali daidai inda saiwa take.  Malamaina, ga naku: ruwan alwala. Sau biyar a yini ana zubar da shi a ƙofar kowane masallaci, yana kwanciya yana tara sauro. Ƙaramar hanya kawai za a ja masa zuwa gindin itace. Hadisi ya inganta cewa duk Musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare ta, sadaka ce gare shi. Ku kuka fi ni sanin wannan, ni dai hanyar ruwan nake roƙo.

Sai shinge. Ba shinge, ba itace, wannan ba ya bukatar muhawara. Ƙayar magarya ko ta aduwa tana yi, tubalin ƙasa da aka jera da ƙofofin iska ya fi daɗewa, tsohuwar gangar da aka cire wa gindi ma tana yi in an huda ta don kada zafi ya taru. A duba shi kowane mako, musamman gab da layya da raguna suka cika gari. Gara kuma a bazara take kai hari, lokacin da itacen ya galabaita. In za a rufe gindi da ciyawa don riƙe danshi, kada ta taɓa jikin itacen, a kuma barbaɗa toka. Wani abin lura, a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa ne cikin zafi. Mai azumi ba zai ɗauki jarka da rana ba, kuma bai kamata a sa shi ba. A tsara tun kafin wata ya kama: wa zai yi bayan sahur, wa zai yi bayan tarawi. 'Yan'uwanmu Kirista da ke cikin ƙungiya sun sha ɗauke mana wannan nauyi, Allah ya bar zumunci.

A wannan watan na Mayu ne kuma ake yashe lambatu, kafin ruwan farko, ba bayan ya shiga ɗaki ba. Kogin Mayo Kaliyaw da kuke gani yashi ne zalla yara suna ƙwallo a ciki, kun san abin da yake zama a Agusta. Gadar Palar ta rufta a daminar 2020, kuma kun ga abin da ruwa ya yi wa Yagwa a 2024. Ƙarfin mayo ba a hannunmu yake ba, amma lambatun ƙofar gida a hannunmu yake, kuma in kuka yashe shi za ku ga abin da ya toshe shi leda ce. Doka ta hana ledar da kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, wato leda mara kauri, a Kamaru tun Afrilun 2014. Njamena ta hana tata tun 2010. Mu je kasuwa yanzu mu gani, ko barkonon dala ka saya a leda za a ƙulla maka.

A nan nake so ƙungiya ta yi hankali da irin kiran da take yi. Wasu samari sun ce mu rubuta takarda a kama masu sayar da leda da masu sayar da gawayi. Ban goyi baya ba. A farkon 2009 Chadi ta hana gawayi don ceton itatuwa, niyya mai kyau, amma magidanta a Njamena suka wayi gari ba abin da za su ɗora tukunya a kai, don ba a tanadi madadin da talaka zai iya saye ba. Matar da take girki da itace ba ƙiyayya take yi da daji ba. Ku kai mata murhu mai tsimin itace, ku nuna mata yadda ake gina shi da laka, ita da kanta za ta rage saye. Ku ba mahauci da mai kayan miya dalilin da zai sa su ce wa mai saye ya zo da kwanonsa.

In kuma za a je wurin hukuma, a je da littafi. In aka ji za a faɗaɗa hanya, kada a jira sai an ji ƙarar zarto. A ƙirga itatuwan da ke layin tun da wuri, a rubuta irinsu da kaurinsu, a bi ta hannun Jawro da Lawan, ranka ya daɗe, a nemi zama da masu aikin. A tambaye su wanne za a iya kauce masa, wanda ba makawa kuma nawa za a dasa a madadinsa, wa zai ba su ruwa har bazara biyu, a kuma sa a takarda. Haka ma madacin da ake saɓule wa ɓawo don magani. Ba za mu hana mutane magani ba, amma a koya musu su ɗiba ta gefe ɗaya. In aka zagaye gindin gaba ɗaya an yanke hanyar abincinsa, itacen da ya shekara hamsin sai ya bushe a tsaye.

(Wata daga cikin mata ta yi tambaya: gidan haya take, tsakar gidan ƙarama ce, me za ta dasa?)

Hajiya, kin yi tambaya mai kyau. Kada ki sa darbejiya kusa da katanga, saiwarta tana tsaga gini, mai gida zai zo ya sare ta ya haɗa da ke. Itacen turare kuma shan ruwa ne da shi. Ki sa zogale, cikin 'yan watanni kina tsinkar ganye, ki riƙa datse kansa don kada ya wuce hannu. Gwanda ma tana yi da ruwan wanke-wanke in ba sabulu da yawa. In kina tsoron tashi, ki yi a buhu ko tsohon bokiti: yakuwa, alayyahu, barkono, ranar da za ki ƙaura ki ɗora su a amalanke tare da kayanki. Masu son irin zogale su ga sakatare bayan addu'a, yana da shi a leda. Gayyar lambatu kuma Asabar ce bayan sallar asuba, kowa ya zo da shebur ɗinsa, na ƙungiya ba za su isa ba.