Wake, Ƙwaro da Buhu Mai Riga Uku

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban wannan zama, malamaina, iyayenmu mata da na hango can baya, ɗalibai, barkanmu da war haka.

An ce in yi magana a kan hanyoyin tunani guda biyu da ake koyar da masu son gyara harkar abinci. Ta farko ita ce kallon abu tare da duk abin da ke sarƙe da shi, ni ina kiranta tunanin saƙa, domin zare ɗaya za ka ja ka ga zane duka ya motsa. Ta biyu kuwa ƙira ce da ake farowa daga wurin wanda zai yi amfani da abin, wannan ina kiranta tunanin maƙeri. Idan na tsaya ina ta zuba muku ma'anoni, kafin la'asar kun manta. Saboda haka wake zan ɗauko, mu bi shi tun daga gona, tunda babu wanda ke ɗakin nan da bai ci ƙosai ko ɗanwake ko alale a makon nan ba.

Najeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar ke bi mata. Amma ku tambayi manomi a Bichi ko a Tasawa yaushe yake sayar da nasa. Da kaka, lokacin da kowa ya kawo kasuwa, farashi na ƙasa. Shi ɗin nan kuma, idan damina ta kankama, rumbu ya yi ƙasa, sai ka gan shi a kasuwa yana auno wake da tsada. Wanda ya kalli abin daga nesa sai ya ce rashin dabara ne. To ba haka ba ne. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwansa. Tsutsar ta huda ƙwayar ta shige, ta ci ta girma a ciki, cikin sati uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro, shi ma ya sake saka nasa ƙwan. Kowace mace takan saka gommai. Ku lissafa wannan sau uku, sau huɗu. Buhun da aka ajiye a watan Nuwamba, kafin Maris ya zama ramuka da gari da wari. Manomin ya san haka sarai, shi ya sa yake rabuwa da shi tun da wuri.

Yanzu ku bi zaren tare da ni. Ya sayar da araha, kuɗin bai kai shi ko'ina ba. Da shuka ta zo sai ya ci bashin taki da iri. Mai bashi kuma da kaka yake zuwa. Don haka baɗi ma dole ya sayar da wuri, ko da ƙwaro bai taɓa shi ba. Abin ya zagayo inda ya faro, kuma kowane zagaye ƙara ɗaure shi yake yi. Irin wannan zagayen shi ne abu na farko da ake koya wa ɗalibin tunanin saƙa ya gano. Wani injiniya, Jay Forrester, shi ya kafa wannan fanni a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1950, sannan Donella Meadows, wadda ta yi aiki a rukuninsa, ta sauƙaƙa shi har kowa zai iya fahimta. Abin da suke cewa ka duba kaɗan ne: me ke taruwa, me ke shiga da fita, ina abu yake zagayowa ya ciji kansa, kuma tsakanin aiki da sakamakonsa akwai jinkirin wata nawa ko shekara nawa.

Waken da manomi ya saki ya koma hannun ɗan kasuwa, a Dawanau ko wata kasuwar hatsi. Shi ma ƙwaron bai ƙyale shi ba, ga kuma jarinsa duka a cikin sito. Sai ya nemi magani mafi kusa, ya yayyafa fiya-fiya ko ya cusa ƙwayar gas a buhu ba bisa ƙa'ida ba. Ƙwaro ya mutu, guba ta bi wake zuwa tukunya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin daikulobos da aka samu a cikinsa, wato irin wanda ke cikin fiya-fiya. Turawa sun rufe ƙofarsu. Mu kuwa da 'ya'yanmu muka ci gaba da ci. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau. Kuma ku lura, babu wanda ya tashi da niyyar cutar da kowa a cikin wannan sarƙa, kowa tsira yake nema daga inda yake tsaye.

Bari in ɗan ratse in ba ku misalin jinkirin da na ambata. An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Albarkar da suka kawo a bayyane take, ku je Kura da Kadawa da Garun Malam ku ga shinkafa da tumatir da rani. Amma can ƙasa, a fadamar Haɗeja zuwa Nguru, kogin da a da yake cika da damina ya janye da rani sai ya koma gudu kaɗan-kaɗan duk shekara. Irin ruwan da ciyawar kachala take so ke nan. Ta cike hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki masu far wa shinkafa. An ɗauki shekaru kafin abin ya fito fili. Wanda ya zana madatsar lissafinsa na ruwa daidai ne, sai dai takardarsa ta ƙare tun kafin kogin ya ƙare.

To mu koma kan wake, mu ga aikin maƙeri.

A ƙarshen shekarun 1980 wani masanin ƙwari na jami'ar Purdue ta Amurka, Larry Murdock, ya yi aiki da masu bincike na Kamaru a Marwa. Sun fara ne da duba yadda mutane suke ajiyar wake da kansu. Na tabbata wasunku sun ga yadda ake yi. Ni dai na ga kakata tana yi. Takan tankaɗe toka mai sanyi, ta cakuɗa da waken, ta ɗura a tulu, ta danna da hannu, ta ƙara toka a sama har sai ba a ganin ƙwaya ɗaya, sannan ta kifa ƙwarya ta liƙe bakin da laka. Wasu kuma durom suke samu mai murfi su toshe. Duk dabarar ɗaya ce, a hana ƙwaro iska da wurin motsi. Amma tulu ba ya ɗaukar buhu guda, toka mai yawa ake buƙata, durom kuma ya fi ƙarfin talaka. Daga nan tambayar ta fito: me zai yi aikin durom a farashin buhu?

Amsar da aka samu ita ce buhu mai riga uku, wanda daga baya aka sa wa suna PICS, wato taƙaitaccen sunan Turanci na ingantacciyar ajiya ta Purdue. Leda biyu masu kauri a ciki, kaurin kowace maikiron 80 (ma'aunin kaurin leda ke nan), sai buhun saƙa irin wanda muka saba a waje. A zuba busasshen wake a ledar ciki, a matse iska, a murɗe bakin a naɗe a ɗaure. A ɗaure ta biyu daban, a ɗaure na waje daban. Shi ke nan, ba magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke ciki su suke shaƙe 'yar iskar da ta rage, sai su daina ci, su daina haihuwa. Binciken da aka yi daga baya ya nuna wani abin mamaki: tsutsar tana samun ruwan jikinta ne daga abincin da take ƙonawa da iskar oksijin, don haka idan iskar ta yi ƙaranci, ƙishirwa ce take ƙarasa ta. Me ya sa leda biyu? Saboda wanda ya ƙera ya san buhun ba a ɗakin gwaji zai zauna ba. Za a ja shi a ƙasa, a jefa shi a amalanke, wata tsutsar ma za ta huda ta farko. Ta biyun ita ce mai gadi.

Ga inda nake so ɗalibai su buɗe kunne. An san wannan dabara tun wajen 1990, amma ba ta bazu sosai ba sai bayan 2007, lokacin da aka fara wani shiri da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates a ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, har da Najeriya da Nijar. Kusan shekara ashirin dabara mai kyau tana nan, wake yana ta lalacewa. Abin da ya rage ba a cikin buhun yake ba. Wa zai ƙera shi da ingancin da ake so? Aka samu masana'antu, ciki har da Lela Agro a Kano. Wa zai kai shi kasuwar ƙauye daidai lokacin kaka? Aka nemi dillalai da masu shago, domin an ga cewa idan mai sayarwa ya yi nisa manomi ba ya zuwa nema. Aka kuma zaɓi a sayar da shi maimakon a raba kyauta, saboda abin kyauta yana ƙarewa ranar da shiri ya ƙare. Sai babbar tambaya: ta yaya mutum zai yarda ya zuba abincin iyalinsa a leda ba magani?

Yadda aka amsa wannan shi ya fi burge ni. Malamin gona ya je ƙauye, a tara jama'a, mutum biyar ko shida su kawo waken kansu, a ɗaure a gaban kowa. A bar shi wata huɗu, wata shida. Sannan a sa rana, a sake taruwa, mai wake ya kwance buhunsa da hannunsa, ya tsoma hannu ya ɗebo. Mutane su karɓa, su murza, su sunsuna, wata ta gutsura da haƙori. An yi wannan a ƙauyuka sama da 30,000. Gani ya kori ji.

A makarantar ƙira ta jami'ar Stanford sun tsara wannan hanya daki-daki: ka fara zama da mutanen har ka ji abin da suke ji, ka fayyace ainihin matsalar, ka kawo dabaru da yawa, ka haɗa samfuri mai araha, ka kai a gwada, ka dawo ka gyara. Yana da kyau ku koye shi. Amma maƙerin garinku ya riga su. Ba ya ƙera wa mai noman rairayi irin garmar mai noman laka, yakan dubi ƙasar, ya dubi tsawon mai hauyar, idan ƙota ba ta zauna ba a dawo masa da ita ran kasuwa.

Matakin farkon nan, na zama da mutane, shi aka fi tsallakewa, kuma ni ma na taɓa tsallake shi. Ina sabon ma'aikaci muka haɗa wani akwatin shanya kayan miya da hasken rana, muka kai wani ƙauye. Yana aiki ƙwarai, kuɓewa da tumatir suna bushewa fes, ba ƙura ba ƙuda. Muka kafa shi a fili kusa da makaranta don kowa ya samu. Bayan wata biyu muka koma muka tarar ba a taɓa shi ba. Wata dattijuwa ta kira ni zaure ta ce, "Ɗana, masu shanyar nan matan aure ne, a cikin gida suke. Wa zai fito ya zauna gadin kuɓewa a bakin makaranta?" Tambaya ɗaya da mun yi tun farko, da ƙarami muka haɗa wanda zai shiga tsakar gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wake ma haka yake, mata da yawa su ke ajiyarsa su ke sarrafa shi, kuma duk shirin da bai shiga cikin gida ba ya bar rabin masu abin a baya.

Kada ku ɗauka buhun ya warware komai. Ya kashe ƙwaro, amma bai biya bashin kaka ba. Manomin da mai bashi ke tsaye a ƙofarsa zai sayar ko da buhu goma gare shi. A Nijar, tun ƙarshen shekarun 1990, da taimakon hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, aka fara abin da suke kira warantaj. Ƙungiyar manoma ta tara amfaninta a sito ɗaya, a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun masu ba da rance. A ba manoma kuɗi a kan abin da suka ajiye, su yi hidimarsu, su yi sana'ar rani. Idan farashi ya tashi a buɗe, a sayar, a biya, su riƙe ragowar. Buhu ya tsare waken, sito ya tsare manomin. Mu da muke kula da maganar kuɗin ruwa, wannan wuri ne da ya kamata malamanmu da masana bankin Musulunci su zauna su fitar mana da sigar da ta dace. Akwai kuma ledar kanta, idan ta tsufa ta huje ina za ta? Akwai na jabu masu siririyar leda da ke ɓata wa na gaske suna. Duk waɗannan ayyuka ne da ke jiran masu yi, kuma ina ganinsu a zaune a gabana.

Don haka ga aikin da nake roƙon malamanku su ba ku kafin ƙarshen zangon nan. Ku rabu uku-uku, kuma kowane rukuni a samu mace a ciki, domin akwai ƙofofin da namiji ba zai wuce zaure ba. Ku zaɓi abinci ɗaya, tumatir ko albasa ko nono ko kifin Nguru. Ku bi shi da ƙafarku daga inda aka samar da shi har inda aka ci shi. Duk hannun da ya ratsa ku zauna da mai hannun, ku tambaye shi me ya fi ba shi tsoro a sana'arsa, a wane wata kuɗi ke yanke masa, kuma me ya taɓa gwadawa ya bari. Kada ku ba kowa shawara a zuwan farko. Ku dawo ku zana abin da kuka gani a babbar takarda, da kibiyoyi, har sai kun ga inda ya zagayo. Sannan ku haɗa ƙaramin abu, wanda kuɗinsa bai wuce abin da ke aljihunku ba, ku mayar wa mutanen su gwada, ku rubuta duk aibin da suka faɗa.

Na ga shugaba yana duba agogo, kuma an kusa kiran salla. Idan mun dawo zan karɓi tambayoyi, kuma na zo da buhun guda ɗaya da kwano biyu na wake, duk mai so ya zo ya gwada ɗaurin da hannunsa. Wassalamu alaikum.