Kwamfuta Mai Siffar Rumbu: Ta Ina Iska Za Ta Fita?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ku dubi zanen da ke gabanku. Wani ƙanenmu ne ɗalibi a nan Maraɗi ya turo mini shi: kwamfutar tebur mai siffar rumbu, jiki zagayayye, da ɗan jinka a bisa, an naɗe ta da fatar jar akuyar Maraɗi. Wallahi na daɗe ina kallonsa. Akwatunan da ke zo mana ta Kano duk baƙaƙe ne masu kusurwa huɗu, shi kuwa rumbun gero ya duba ya ɗauko siffa. Ƙanena, a nan ka burge ni.

To, mu ɗauko ma'auni. Ka rubuta faɗinta santimita 20, ka kuma ce babban allonta, wanda masu gyara ke kira kart mer, samfurin ATX ne. Tun da kamfanin Intel ya fito da tsarin ATX a 1995, girmansa santimita 30.5 ne da 24.4. Ba zai shiga ba. Akwai ƙarami, Mini-ITX, 17 da 17, amma shi ma a kwance ba ya zama, don daga kusurwa zuwa kusurwa ya kai 24. Sai ka tsayar da shi, sannan ka nema wa akwatin wuta mazauni, don ban gan shi a zanen ba sam.

Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi damuna jinkan nan. Ku lura da kyau: ƙananan huji shida a ƙasa, sama kuwa a rufe ruf. Iska mai zafi sama take hawa, ta je ta tarar da murfi, ta komo kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. A watan Afrilu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, iskar da ke shiga ma da ɗuminta take shiga. Furosesa kuwa da ta kusa digiri 95 zuwa 100 sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Mai ita na tsakiyar haɗa bidiyon biki, ya ga komai na jan ƙafa, ya ɗauka cuta ce ta shige ta.

Kamfanin Apple ma ya bi wannan hanya. Kwamfutarsa Mac Pro ta 2013 zagayayya ce, da fanka ɗaya babba a sama tana jawo iska daga ƙasa. Duk da haka a 2017 shugabanninsa suka yarda cewa siffar ta ɗaure su wajen zafi, a 2019 suka koma doguwar akwati. Su fa saman tasu a buɗe yake.

Saboda haka ka ɗaga jinkan da kamar santimita 3 a kan ƴan ginshiƙai, iska ta samu mafita ta kewaye. A gindi ka sa fanka mai santimita 14 tana turo iska ciki, da raga mai tace ƙura wadda ake zarewa da hannu. Bara bayan hunturu na buɗe kwamfutar wani shagon buga takardu, na ɓamɓaro ƙura daga haƙarƙarin mai sanyaya furosesa, dunƙule guda kamar audugar katifa, fankar na ta juyi a banza. In iskar da fanka ke turowa ta ragar ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsowa ta tsagogi.

Fatar kuma, ka bar ta ɗamara ɗaya a tsakiya, don tana riƙe zafi. Maɓallin kunnawa da kafar USB ka dawo da su gaba.

Kafin ka je wurin mai walda, ƙanena, samo kwali ka yanka allo 17 da 17, ka naɗe rumbun, ka zura hannu ka gwada ko za ka iya cire RAM, wato katin ma'adanar wucin gadi da ke maƙale a kan allon, ba tare da ka kwance komai ba. Ka turo mini hotonsa, mu duba shi tare a bidiyo na gaba.